Gurguwar Hausar da Ta Rene Ki

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗiyarta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ya sa ƙafarki ta taka ƙasar mutane da alheri, ya tsare ki daga sharrin hanya da na gulbi da na abin da ido ba ya gani. Na naɗe ta cikin tsumman atamfa na cusa a ƙasan ƙoren da na jera miki, don na san sai kin kwana biyu, kuka ya lafa, sannan za ki kwance kayan. Labarin gida ba zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Cikin watan nan na sha kiranki ɗaki da niyyar in yi miki magana, in kin zo kin durƙusa sai in ce miƙo mini tsintsiya. Kin ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Tsoro ne, Kulu, kuma har yanzu da nake riƙe da alƙalamin nan bai sake ni ba.

Ba mijinki Sambo nake tsoro ba. Ɗan wana ne, na san nonon da ya sha, kuma ke da kanki kika nuna shi kike so tun ranar da ya kawo wa Babanki ziyara kika ƙona mana miya. Nisan ma na haƙura da shi, ko da yake ya isa a ji tsoronsa. An ce sai kun ƙetare babban gulbi kun shiga ƙasar Borgu, ku bar kwalta, ku bar hanyar mota, sannan a fara hango bukkokin Kawunki. Wayar hannun da ake cewa ta iso Gusau, can ko labarinta ba a ji ba. Abin da ke hana ni sakewa shi ne bakinki. Matar Kawunki da sauran matan rugar ba su da Hausa sai ta sannu da zuwa. Sambo yana ji, amma da rani ya kama zai bi shanu, ki yi watanni ba ki ga ƙeyarsa ba. Za a bar ki da Fillanci, ke kuwa abin da kika sani a cikinsa bai wuce wanda kike ji a bakina ba in ina zagin awaki.

Kuma na san halinki. Ke ce kika ƙi cin tuwo ranar da malaminku ya gyara miki karatu a gaban aji. Ba kya buɗe baki sai kin tabbata abin da zai fito daidai ne. Mutane suna yaba miki da wannan, ni kuwa duk lokacin da suka yaba sai gabana ya faɗi, don na san inda kika samo shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ki zauna ki karanta yadda wannan halin ya yi da ni.

Rugarmu a dajin bayan Bagega take a wancan lokaci. Duk kaka, in an gama girbi, Baffana, wato mahaifina, yakan koro garke ya sauka a gonar kakanki, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya ba mu damman gero. A nan Babanki ya gan ni. Yana da ɗan Fillancinsa na kasuwar shanu, wanda in ya fara sai yayyena su toshe baki da gefen zane, amma ni ya ishe ni. Ni auta ce, ba a taɓa ɗora mini ƙwaryar talla ba. Yayyena ke shiga gari da nono, ni ina wajen maruƙa. Saboda haka ranar da aka kawo ni gidan nan na Nasarawa Burkullu, Hausar da ke bakina ba ta cika cokali ba.

Ban daɗe da zuwa ba, wata rana kakarki ta aike ni in kira matan da ke daka. Na tsaya na haɗa maganar a raina, na je na ce, "Inna yana kira." Suka kwashe da dariya, har ɗaya ta saki taɓarya ta riƙe ciki. Ba mugunta ba ce, yanzu na sani. Haka ake yi wa kowace Bafulatana, da ma akwai wasa a tsakani. Amma ni a ranar ji na yi kamar an kwance mini zane a tsakar gida, don a wajenmu an hore mu da cewa abin kunya ya fi bulala ciwo. Na koma ɗaki na yanke wa kaina hukunci cewa ba zan sake furta abin da ban tabbata da shi ba. Daga baya da na ji Hausawa suna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, sai na ce ashe ma ina kan hanya. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Ke za a yi miki dariyar da ta fi wannan, don Fillanci yana da lunguna da yawa. Ki tsaya a wurin har a gama, ki tambayi wadda ta fi kowa ƙyaƙyatawa yadda ake faɗa, ki maimaita a gabanta.

Da na hana kaina haɗa magana, sai na zama mai tsince. In na ji an yi gaisuwa, sai in ɗauke ta ɗungurungum, da muryarta da inda ake ja da inda ake saukewa, in kai ɗaki in yi ta maimaitawa ina tankaɗe. An kwana lahiya? Lahiya lau. Ina gajiya? Babu gajiya. Ƙaƙa jiki? Da sauƙi. Ban san inda wannan kalma ta ƙare waccan ta fara ba, haɗiye su kawai nake yi kamar ƙwayar magani. Kafin shekara ta zagayo na iya gaisuwar safe da ta maraice, ta barka da ta jaje, ba tuntuɓe ko ɗaya. Kakarki ta riƙa nuna ni ga baƙi tana cewa, "Ku ji wagga ɗiya, kamar cikin garin ga anka haihe ta." Ni kuwa in sunkuyar da kai, daɗi ya cika ni. Ba wanda ya lura cewa bayan gaisuwar babu komai. Ɗaki ne mai kyakkyawar ƙofa wanda ciki ko tabarma babu, shirun da nake yi kuma aka ce ai kunyar Fulani ce.

Abin da ya rage na buƙata, Babanki ke ɗauke mini. In ina son sabulu, in kaina na ciwo, in wata ta ɓata mini rai, sai in jira ya dawo daga gona in faɗa masa da Fillanci, shi ya kai wa kakarki da Hausa. Ya zama bakina, na kuwa miƙe ƙafa. Kada ki yi wa Sambo haka, komai daɗin da zai yi miki. Bakin aro tafiya yake yi, kuma akwai maganar da mace ba ta iya bi da ita ta bakin namiji, ko da mijinta ne.

Kin san Inna Asabe mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarmu, amma ba ki san ta da ƙuruciya ba. Daga ƙasar Zuru aka auro ta, kusan lokaci ɗaya da ni, ita ma ba ta da Hausa. Sai dai ita ba ta san wani abu wai shi jira ba. Abin da ya zo bakinta shi take saki, rabi Hausa rabi Dakarci, sauran ta cike da hannu da ido. Namiji ta mai da shi mace, jiya ta mai da ita gobe. In an yi dariya, tata ta fi ta kowa ƙarfi, sannan ta ce, "To, yaya ne ake cewa shi?" Ni kuwa daga bakin ƙofata ina kallonta ina raina ta. Ina cewa a raina, dubi wannan, ta mai da kanta abin wasan yara. Ban san cewa ita tana gina gida ba ne, ni ina goge ƙofa.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ce ki miƙo tsintsiya. Kin san kina da wa wanda bai yi rai ba. Sunansa Muhammadu. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunan da bakina ba, yau ne na fara rubuta shi. Yana cikin watannin fara zama Babanki ya tafi cin rani, sai gudawa da amai suka kama shi. Da farko na ce haƙori ne, kamar yadda kowa ke cewa. Sai na ga idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa, in na ɗan ja fatar cikinsa ba ta komawa, nono kuma ya daina kama shi da ƙarfi. Na san wannan abin, Kulu. Na gan shi a jikin maruƙa, na gan shi a jikin ɗan yayata. Da Fillanci zan iya zayyana shi tun daga farko har ƙarshe, amma duk gidan babu mai jin Fillanci.

Kowace safiya kakarki takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Amarya, ƙaƙa jikin yaron?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi." Ba ƙarya na yi niyya ba. A bakina wannan tambaya amsa ɗaya gare ta, tare na haɗiye su, in an ja ɗaya sai ɗayar ta biyo. In ta juya sai in ji kamar in bi ta da gudu. In fara haɗa maganar a raina, in sami kalmar ido in rasa ta faɗawa, in sami yaro in tsaya ina auna abin da ke binsa, sai dariyar masu daka ta dawo mini a kunne. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta hana ni in sungume shi in fito tsakar gida in ce ku duba. Kakarki ba ta da laifi. Matar da take gaisuwa kamar 'yar gari ta ce da sauƙi, me zai sa ta yi shakka? Ta aiko mini da jiƙon haƙori ta ci gaba da harkarta.

Asabe ce ta shigo aron rariya da hantsi. Ba ta tsaya sallama mai tsawo ba, da ma ba ta iya ba. Ta yaye zanen da na rufe shi da shi, ta dube shi, sai ta sure shi ta fita tsakar gida tana kururuwa, "Ku taho! Yaro tana mutuwa! Ido ta shiga ciki, kai ta rami, ku taho!" Babu kalma ɗaya da ta zauna daidai a maganar nan, kuma babu wanda bai gane ba. Kafin ka ce kwabo gidan ya cika. Aka nemi mota, ranar ba ta kasuwa ba ce, sai da rana ta karkata aka sami wata akori-kura mai zuwa Bukkuyum. Kin san hanyar, kin san yadda take jijjiga mutum. A cinyata ya cika, kafin mu hango rufin asibiti.

Ban ja da hukuncin Allah ba, na san kwana ne ya ƙare. Amma wanda ya saukar da ciwo ya saukar da magani, ya kuma ba ni baki, ni na ƙi buɗe shi. Aka zauna zaman makoki, mata suna shigowa suna yi mini gaisuwa, ina amsa wa kowace daidai, don ita ma wannan na haddace ta. Ina jin su suna cewa, "Allah sarki, Bahillata ke nan, dubi haƙuri, ko uffan ba ta ce ba." Yabona suke yi a kan abin da ya kai ɗana rami. Da aka watse, kakarki ta shigo ta zauna kusa da ni ta ce, "Ɗiyata, don mi ba ki hwaɗa mani ba?" Wannan tambayar ban taɓa jin an yi wa kowa ita ba, don haka ba ni da amsarta a ajiye. Na lalubo abin da na samu na ce, "Inna, ni ba shi da baki." Ita ce magana ta farko da na gina da kaina tun ranar masu daka, karkatacciya ce, amma ta gane. Ta rufe fuska ta fashe da kuka.

Daga ranar na bi Asabe. Ina taya ta murza gyaɗa, muna zuba, gurguwa tana jan gurguwa. Abin da zai ba ki mamaki, da na fara magana ta gaskiya sai mutane suka ce Hausata ta lalace. Har wata ta ce ko baƙin ciki ne ya taɓa mini kai, don da ina magana tsaf, yanzu kuwa sai kwaɓa. Ba su san da can ba tawa ba ce, haya nake yi. Ki sa ran wannan, kada ya firgita ki. Ranar da kika daina maimaita na wasu kika fara haɗa naki, za ki ji kamar baya kike komawa, alhali a ranar kika fara tafiya.

Kuma za ki ga kanki kina kafa wa harshen dokoki naki na kanki, ba tare da kowa ya koya miki ba. Ni da na lura ana cewa taga da tagogi, mota da motoci, sai na ce shi ke nan, na kama bakin zaren. Na bi komai da shi. Ni da aka haifa a gindin saniya, wadda tun zuwana na san kalmar shanu, sai ga ni ina cewa saniyoyi sun shiga gona. Babanki ya yi dariya har ya ƙware. Na yi wata da watanni a kan saniyoyina, sannan wata rana na ji bakina ya koma shanu da kansa, ban san lokacin da ya juya ba. Haka abin yake. Hausar da nake yi a wannan damina ba ita nake yi a ta gaba ba. Tana sauya fata, tana ɗiban wani abu daga yara, wani daga rediyon Babanki, wani daga Asabe, har da kurakuranta na kwasa na ɗauka daidai ne. Ba Hausar kakarki ba ce, ba kuma Fillanci ba ne, wata aba ce a tsakani wadda ni kaɗai ke da irinta. Da ita na yi cinikin duniya, da ita na yi faɗa, da ita na rene ki.

Sai dai akwai inda na sake yin sakaci. Da na kai matsayin da kowa ke gane ni, aka daina dariya, aka kuma daina gyara mini, sai na zauna. Abin da bai gyaru ba a lokacin ya daskare, har yau yana nan. Ke kanki kin sha ce mini, "Inna, Goggo ta zo ake cewa, ba ya zo ba." In ce to, gobe in maimaita. Da aka yanke mana jiha aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, na shiga, malamar ta zo mana da Hausar littafi irin ta Kano, ita ce nake lallaɓawa da ita a takardar nan. A rubuce ina iya tsayawa in gyara, amma harshena ya riga ya bushe a yadda yake. Don haka in kin ga an fara gane ki, kada ki ce kin iso. Ki sami wadda ba ta jin nauyinki, ki roƙe ta ta riƙa tsinke miki magana. Yara sun fi kowa iya wannan, ba su san kara ba.

Ga wanda ya fi tsorata ni. Duk abin da kika gina, ranar firgita rushewa yake yi. Kin tuna da ƙanenki ya faɗo daga bishiyar mangwaro, na fito ina ihu kuka kasa gane abin da nake cewa? Shekaruna nawa a garin nan a lokacin, amma Hausar ta watse ta bar ni da 'yan tsummokaran da na fara da su. Abin da ke tsayawa da mutum a irin wannan rana shi ne wanda ya fi daɗewa a bakinsa. Shi ya sa nake roƙonki ki juya tsarin da na bi. Ni na fara da gaisuwa. Ke ki fara da jiki. Tun kina amarya, tun ba abin da ke damunki, ki kama wata tsohuwa a rugar, ki nuna kai ki ce mene ne wannan, ki nuna ciki, ki nuna mara, ki nuna baya. Ki koyi zafi, ki koyi jini, ki koyi jiri, ki koyi ya ƙi shan nono, ki koyi ku zo da sauri. Ki yi ta faɗinsu kina tatsa, kina daka, har su zama su ne ke fara zuwa in an tashe ki a firgice. Za su ce amaryar Sambo ba ta da kunya. Su faɗa.

Kalmar da za ki fara iyawa can ita ce jam, wato lafiya. Ita ake amsa kowace gaisuwa da ita, tana da daɗin faɗa, kuma in kin faɗe ta da kyau za a yi murna da ke. Ina tsoron kalmar nan kamar yadda nake tsoron maciji a cikin ƙaiƙayi. Mutanena ne, na san su. Sun fi Hausawa son a daure, a wajensu mace ta gari ita ce wadda za ta haihu ba a ji motsinta ba. In kin ce jam za su karɓa, ba za su tona ba, don tonawa ma rashin kunya ne a wurinsu. Ranar da ba lafiya ba, kada ki bari jam ta riga ki fita.

Za ki ce, to Inna, me ya hana ki koya mini tun ina ƙarama? Kina da gaskiya. Da aka haife ki na yi niyyar kada ɗiyata ta taɓa tsayawa a tsakar gida ana yi mata dariya, sai na rufe Fillancina na ba ki Hausa zalla, ko waƙar reno ban yi miki da shi ba. Na zaci rufin asiri nake yi miki. Ban san Allah zai juya ƙafarki ya mai da ke inda na fito ba. Da aka sa ranarki na ce bari in yi gaggawar ɗura miki abin da ya samu, sai na tarar da abin da ban zata ba. Fillancina ya tsaya a inda na bar shi, na budurwa ne mai kiwon maruƙa. Da Kawunki ya zo, ina magana yana murmushi, ya ce ina yi kamar 'yar da ba a yi wa kitson aure ba. Kalmomin ciki da naƙuda da jego, duk da Hausa na san su, don a nan na same su. Na nemi na Fillanci a kaina na rasa. Abin da kika fi buƙata shi ne ba ni da shi, Kulu, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Saboda haka ki nemi Asabenki. Kowace ruga tana da irinta, mace mai surutu wadda ake cewa ba ta da kamun kai. Kada ki raina ta yadda na raina tawa. Ki zauna kusa da ita, ki bar ta ta yi miki dariya, ki rama. Matar Kawunki kuma ki girmama ta, amma kada girmamawar ta zama bango. Tun da wuri ki saba mata da jin karkatacciyar maganarki, ta san iyakar abin da kike da shi. Gara ta ɗauke ki ba ki iya komai ba ta riƙa leƙo ki, da ta ɗauka kin iya ta bar ki ke kaɗai. In mai zuwa kasuwar Gummi ya samu, ki ɗauko muryarki a kaset ki aiko mini, kuma da Fillanci nake so, komai munin sa. In na ji shi tsaf babu kuskure, zan san haddacewa kike yi, hankalina ba zai kwanta ba. In na ji kina kwaɓawa kina ƙirƙiro naki, zan san kina raye a cikinsu.

Ban san ko zan ga ranar da Allah zai ba ki naki ɗan ba, ko in ya zo labari zai iso ni a kan lokaci. Ba zan kasance a bakin ƙofarki ba, Babanki ma yana nan gida, Sambo wataƙila yana wani daji. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, a jikinki ko a jikin abin da kika haifa, kada ki tsaya neman kalma. Ki fito waje. Ki kama zanen duk wadda kika fara gani, ki ja ta, ki nuna mata, ki faɗa da Fillancin da kike da shi, in ya ƙare ki ci gaba da Hausa, in ita ma ta gudu ki yi kururuwa. Kunyar ɗan fari, kunyar suruka, kunyar baƙunta, duk na yafe miki su, in akwai laifi a ciki yana wuyana.

Allah ya kai ki da haske, ya zaunar da ke da haske. Ya sa ruwan can ya karɓe ki, nonon can ya gina ki, ya kare ki daga ciwon da ke zuwa babu sallama. Ya buɗe bakinki, ya buɗe kunnuwan waɗanda za ki zauna da su. Ya raya abin da za ki haifa, ya sa ki ga jikokinki. Babanki yana sa miki albarka, Inna Asabe ta ce in gaya miki tana gaishe shi, kin san ke take nufi.

Na iya ɗaukar a zo a ce mini ɗiyarki ta zama abin dariya a ruga, bakinta ba ya shiru, Fillancinta kamar na mai koyon tafiya. Wannan zan ji in yi sujada. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne wata rana in ga Kawunki ya yi sallama a zaure da rawani a sunkuye, ya zauna ya ce mini, "Ki yi haƙuri, yarinya ce mai kunya, har ta tafi ba mu ji bakinta ba."

Wassalamu alaikum.

Ni ce Innarki.